Zaga duniya da jakar goyo: abin da miji da mata za su fara saya, da abin da za su bari sai ƙarshe

A garuruwanmu, daga Ringim har Gumel, in aka ce wane ya fita ƙasar waje da iyalinsa, to Makka ake nufi, ko kuwa asibiti a Masar ko Indiya. Duk da haka akan samu ma'aikacin da ya ajiye aiki, ko manomin da riɗi ya yi wa rana, ya zauna da uwargida su ce bari su ɗauki wata shida ko shekara guda suna ganin ƙasashe, kowa da jakarsa a baya. Tambayar da suke fara yi kusan kullum ita ce wace jaka za a saya. Jaka kuwa ita ce ta ƙarshe a lissafi. Ga mai riƙe da koren fasfon Najeriya, biza ce ke yanka hanya, hanya ta zaɓi tikiti, tikitin kuma shi zai faɗi nauyin kayan da za a ɗauka.

Fasfo iri biyu ne: mai shafi 32 na shekara 5, da mai shafi 64 na shekara 10. Daga Satumbar 2025 kuɗin na farko Naira 100,000 ne, na biyu Naira 200,000, ga wanda ya nema a cikin gida. A nan babu dogon tunani, ku ɗauki mai shafi 64 ku biyun. Kowace biza shafi guda take cinyewa, kowace iyaka kuma hatimi biyu ne, na fita da na shiga, kuma ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai saura wata shida ya ƙare ba. Kafin ku nufi ofishin Kano ko na Dutse, ku duba cewa sunan Hajiya da ranar haihuwarta a katin ɗan ƙasa sun yi daidai da abin da za a rubuta. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ce, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na har abada ne, amma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta.

Tikiti shi ne inda kuɗi ke nutsewa, kuma hanya uku ce a gabanku.

Akwai tikiti guda na zaga duniya, wanda ƙawancen kamfanonin jiragen sama ke sayarwa. Star Alliance na da nasu, kuma Ethiopian Airlines da EgyptAir, waɗanda ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, suna cikin wannan ƙawance. Oneworld ma na da nasu, a can ake samun Qatar Airways da Royal Air Maroc da British Airways. Sharuɗɗansu sun yi kama da juna: tashi bai wuce 16 ba, a gama cikin shekara guda, a fuskanci gabas ko yamma ba tare da komawa baya tsakanin nahiyoyi ba, a ƙetare tekun Atilantika da na Fasifik sau ɗai-ɗai, a dawo ƙasar da aka tashi. Star Alliance da nisan tafiya suke yanka farashi, iyakarsa mil 39,000, oneworld kuma da yawan nahiyoyin da za a taka. A takarda abin gwanin sha'awa, mutum ya biya dubban daloli sau ɗaya ya huta.

Sai dai an ɗinka wannan tikiti ne don mai fasfon da ke buɗe ƙofa ba tambaya. Ku ɗauki Turai. Bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum ƙasashe 29 ciki har da Faransa da Jamus da Sifen, ba a neman ta sai tafiya ta rage wata shida ko ƙasa da haka, kuma a ƙa'ida daga ƙasar da mutum ke zaune ake nema. Kuɗinta Yuro 90, ba a mayarwa in an hana, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. To wanda ya tsara isa Faransa a wata na tara, yana Malesiya lokacin da ya kamata ya miƙa takardu, ina zai sa kansa? Ƙetare Fasifik kuma galibi ta Amurka ake bi, ita kuwa ko canjin jirgi za ka yi a filinta sai da biza. Ga wani tarkon: in kuka rasa tashi guda ba tare da sanarwa ba, kamfani na iya soke sauran duka. Biza ɗaya da aka hana mutum ɗaya cikin ku biyun ta isa ta rusa tsarin shekara. A ganina wannan tikiti bai dace da ma'auratan da fasfonsu ke fari fat, babu hatimi ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce saye zango-zango, kowane tashi da tikitinsa. Tana da 'yanci: gari ya yi muku daɗi ku ƙara mako, bai yi ba ku ƙara gaba. Kamfanonin araha irin su AirAsia da Air Arabia a nan suke da amfani. Abu biyu za a kula. Ma'aikacin jirgi yakan nemi ganin tikitin fita daga ƙasar da za ku shiga kafin ya bar ku ku hau, saboda haka kullum ku kasance da zango ɗaya a gaba a hannu. Sannan in kun haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban a rana guda, na farko ya makara, asarar taku ce. In kuma kun auna kaya, sai kun fita kun karɓe su kun sake aunawa, wanda a wasu filayen yana nufin shiga ƙasar, wato wata bizar.

Ta uku ba a cika kawo ta ba, don ba ta da kwarjini: mota, ta cikin ƙasashen ECOWAS. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan Najeriya na shiga ya zauna har kwana 90 babu biza. Daga Legas a bi Seme zuwa Kwatano, a wuce Lome, a ƙetare Aflawo zuwa Akara, a haura Kumasi inda Hausa ke ci a zango kamar kana Fagge. Mai ƙarfin hali ya zarce Abijan, ko ya hau jirgi zuwa Dakar da Banjul. Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal duk sefa ɗaya suke kashewa, wadda duk mai cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma wasu hanyoyinsu ba su da tsaro, don haka gaɓar teku ta fi kwanciyar hankali.

Da ni za a bi, sai a haɗa ta uku da ta biyu, a kuma yanka shekarar gida biyu ko uku ana dawowa. A fara da mota bayan kaka, in an kai riɗi da zoɓo kasuwa. Wata biyu a hanya sun isa su nuna muku ko gwiwar maigida za ta ɗauka, ko uwargida za ta jure abincin da babu tuwo, ko za ku iya wuni tare a kujera ɗaya ba a yi cacar baki ba. Ku dawo da fasfo mai hatimai, wanda ke nuna wa ofishin jakadanci cewa ku masu fita ne ku dawo. Daga nan ku nemi bizojin zango na biyu kuna gida, ku tashi daga Kano ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Ruwanda ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa ba biza, tana da kyau a matsayin matakin farko na jirgi. Umara kuma a sa ta a wannan zangon, da bizarta daban ta hannun amintaccen wakili. In damina ta kawo kai, gona na da mai ita.

Yanzu jaka. Gana-masgo a cire ta tun farko: a ƙarshen 2023 Ethiopian Airlines ya sanar da daina karɓar ta sai an saka ta cikin kwali ko wani abu mai tauri, saboda tana maƙalewa a na'urar jan kaya. Akwati mai taya yana da daɗi a filin jirgi da otal, amma tayarsa ba ta san yashi ba, ba ta san matakalar tashar jirgin ƙasa ba, kuma a bayan babur wahala ce. Wanda ke fama da ciwon baya ne kawai zan ce ya ɗauki ƙaramin akwati. Saura jakar goyo, kuma a nan gardamar ita ce girma.

Da lita ake auna cikin jaka, kuma mai sayarwa zai tura muku mai lita 65 ko 70. A rumfunan gwanjo na Ƙofar Wambai za ka ji yana cewa, “Alhaji, ai babbar ita ce riba, kayan Hajiya ma duk za su shige.” Kada ku saurare shi. Jaka kamar rumbu take, ran mutum ba ya kwanciya sai ya ga ta cika. Mai lita 40 ita ce daidai, domin tana shiga cikin jirgi tare da kai, kuma yawancin kamfanoni kilo 7 suke yarda da shi a hannu. Babu kuɗin awo, babu jiran kaya, babu fargabar ɓata. Kamfanin jaka na Osprey na da Farpoint 40 ta maza da Fairview 40 wadda aka yanka daidai jikin mace, Deuter ma na yin masu kyau. Sabuwa tana da tsada ƙwarai in aka juya kuɗin zuwa Naira. Ta gwanjo mai asali ta fi sabuwar jabu mai ƙyalli nesa ba kusa ba, araha dai ba ta ado.

Gwajin ba wuya. Ledar fiya-wata rabin kilo ce, saboda haka ku sayi guda 14 ku zuba a ciki, kilo 7 ke nan. A goya, a ɗaure ɗamarar ƙugu ta zauna a kan ƙashin kwankwaso, a ja ta. In jakar ta ƙwarai ce nauyin zai sauka daga kafaɗa ya koma ƙugu, har ka iya zura yatsa ƙarƙashin igiyar kafaɗa. In ɗamarar siririn tsumma ce marar soso, ajiye ta. A zaga layin kasuwar da ita, kada a tsaya gaban rumfa kawai. A juya cikinta a duba ɗinkin inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jiki, nan take fara yagewa. A ja zif sau da yawa, a duba ko an buga YKK, tambarin sanannen kamfanin zif, a kansa, a tabbatar kawunansa biyu na haɗuwa yadda ƙaramin kwaɗo zai shiga. In rufin ciki yana ɓarewa ko yana danƙo a hannu, ta tsufa, ruwa zai ratsa. Wadda ke buɗewa gaba ɗaya irin na akwati ta fi mai baki a sama, wadda sai an zazzage komai kafin a kai ga safa.

Uwargida ta gwada tata da kanta, da hijabin da za ta yi tafiya da shi. Dogon hijabi har ƙasa yana tattarewa ƙarƙashin igiyoyi yana shaƙe wuya. Wasu kan goya jakar daga ciki su rufa a kai, wasu su zaɓi mai hannu ko doguwar riga da mayafi. Kada maigida ya ce, “Bari kawai, Hajiya, ni zan ɗauki duka.” Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ita za ta ɗauka. Ku kuma raba kaya: kowace jaka ta samu kwafin fasfon ɗayan, da rabin magani, da rabin kuɗi.

Masauki kuwa, gidajen matafiya masu araha na da ɗakin gadaje da yawa inda ake biyan kuɗin gado, wani lokaci maza da mata a haɗe. Ga mutum biyu, kuɗin gado biyu sau da yawa yana kusa da na ƙaramin ɗaki mai ƙofa, don haka babu dalilin takura kai. Ku nemi mai ɗakin girki, musamman inda naman halal ke wuya. Ku kuma tafi da takardar shaidar aure mai hatimi. Matanmu da yawa sunan mahaifinsu ke kan fasfo, kuma wasu masaukai a ƙasashen Musulmi kan tambaya kafin su ba da ɗaki ɗaya. Shaidar waliyyai da goron ɗaurin aure ba sa aiki a gaban akawun otal.

Kada a dogara da katin Naira shi kaɗai. A 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da shi a waje, kuma ko da aka sake buɗewa da iyaka ya zo. Asusun dala mai kati, kowa da nasa, shi ne ginshiƙi, sai tsabar kuɗi kaɗan a jiki. In za ku yi canji a Wapa, ku nemi sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, domin 'yan canjin wasu ƙasashe na ƙin tsofaffi ko su karya musu farashi. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

Guzuri ma a tace shi. Kilishi ba ya shiga Tarayyar Turai, goro haramtacce ne a Saudiyya, kuma ƙwayoyi irin su tiramadol na iya kai mutum kurkuku a Masar ko Dubai. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya bar shi cikin kwalinsa, da takardar likita a haɗe. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a auna shi, kuma duk wani ruwa ko mai ko turaren da kwalbarsa ta wuce mililita 100 in yana jakar hannu, a yawancin filayen jirgi za a karɓe shi a wurin bincike, ko da humrar Hajiya ce.