Goodreads: yaya yake idan littafin bai yi maka ba?

An buɗe Goodreads, dandalin intanet da masu karatu ke ba littattafai maki suna rubuta sharhi a kansu, a 2007, kamfanin Amazon ya saye shi a 2013. Kyauta ne, kuma wajen riƙe lissafin abin da mutum ya karanta ba shi da laifi. Amma ba a nan ake gane ingancinsa ba, sai ranar da ka rufe littafin da ya gundure ka, kana son faɗin gaskiya ba tare da ka ɗauki alhakin marubuci ba. A nan aikinsa rabi da rabi ne.

Babbar matsalar taurarin da ake ba littafi maki da su ne. Guda 5 ne, babu rabi. Yadda dandalin ya tsara su tun asali, 1 na nufin bai yi maka ba, 2 ba laifi, 3 ka ji daɗinsa. Wato daɗin da kai ka ji suke aunawa, ba gwanintar marubuci ba. Shi kuwa mai neman abin saye matsakaicin maki kawai yake kallo ya wuce. A ce mutum 3 sun ba littafi tauraro 4 kowannensu, kai ka zo ka danna 1. Nan take maki ya faɗo daga 4 zuwa 3.25. Littafin da dubban mutane suka ba maki ko gezau ba zai yi ba, amma na sabon marubuci, ko littafin Hausa da 'yan tsiraru suka leƙa, hannu ɗaya ya isa ya karya masa kasuwa.

Abin da ya ceci dandalin, ana iya rubuta sharhi ba tare da an taɓa tauraro ko ɗaya ba, kuma irin wannan sharhin ba ya shiga lissafin maki. Wanda ya ɗauki labarin soyayya alhali shi na tarihi yake so, wannan ce hanyarsa, domin tun farko ba don shi aka rubuta ba. Tauraro 1 ko 2 a ajiye wa aibin da za a iya nunawa da yatsa: jarumar da ta sauya hali a babi na 12 babu dalili, kuskuren shekara a littafin tarihi, shafi 40 na hirar da ba ta motsa labari ba. A faɗi babin, a kawo jimla ɗaya ko biyu a matsayin hujja, sannan a ce wane irin mai karatu ne zai iya jin daɗinsa duk da haka.

Idan ba a ƙarasa ba, a faɗi shafin da aka tsaya, kada a jefa shi cikin waɗanda aka gama. Idan hujjar sai ta tona ƙarshen labari, akwai ɗan akwatin da ake dannawa ya ɓoye sharhin, sai wanda ya ga dama ya buɗe. Littafin da aka samu kyauta daga marubuci ko maɗaba'a, a ambata tun layin farko. Tun 2013 kuma dandalin ya ce zai riƙa goge sharhin da ya bar littafi ya koma kan halin marubuci, wanda hakan daidai ne.

Inda ya gaza ƙwarai, ba ya neman shaidar an karanta. Ko littafin da bai fito ba ana iya ba shi maki. A watan Yunin 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta janye fitar da wani littafinta da ta gina labarinsa a Rasha, bayan an yi masa ruwan tauraro 1 tun bai shiga kasuwa ba. Akwai wurin kai ƙara, amma kafin a duba, makin ya riga ya zauna a idon jama'a.

StoryGraph, wani dandali makamancin Goodreads, ya fi shi a fannin ba da maki: yana karɓar rubu'in tauraro, kamar 2.75, yana kuma da maɓallin "ban ƙarasa ba" har da gurbin faɗin dalili. Goodreads yawan jama'a ne ke riƙe da shi. Mai son sharhinsa ya isa ga mutane da yawa ya zauna a can, ya fara da rubutun, ya bar tauraro sai ya sake karanta abin da ya rubuta.