Sharhi: ƙarin ram a tsohuwar kwamfutata da injiniyan da ya gano matsalar

Duk mai tsohuwar laftof da yake son ƙara mata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya sani cewa "4GB DDR3" da aka rubuta a jikin sitika ba shi kaɗai ne magana ba. Tawa Dell Latitude E6410 ce ta hannu, ƙirar 2010, mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 zubin farko, kuma da ram 2GB ta zo. Da ita nake taifin ɗin takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai a ɗan shagona da ke ƙauyenmu kusa da Ringim, da ita kuma nake cike wa matasa fom a intanet. In Word ne kaɗai, ba ta da matsala. Amma da zarar na buɗe Chrome na haɗa da Excel sai ta cije, har mai jira ya ce bari ya je ya dawo, ba kuma kowa ke dawowa ba.

Sabon ram ɗin, mai 4GB, daga wani shago a cikin birnin Kano na saya, ta waya muka yi ciniki, direban motar haya ya kawo mini. Sawa ba wuya: a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, a buɗe murfin ƙasa. Gurbi biyu ne. Ana zura shi a karkace, a daidaita tsagar da ke cikin haƙoransa, mai kama da wushirya, sannan a danna har ƙarafunan gefe su kama. Ya zauna daram. Na kunna, fitila ta kama, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Na cire sabon, ta tashi lafiya. Da na kira mai shagon sai ya ce kayansa gwadajje ne, kwamfutata ce ta tsufa.

Wanda ya warware zancen wani matashin injiniya ne a cikin garin Ringim, kuma aikinsa ne ya sa na zauna rubuta wannan. Bai fara da cewa a canza komai ba. Ya fara da kilinar fensir, ya goge haƙoran ram ɗin biyu, ya hure gurabun, domin ƙurar hunturu kaɗai tana iya hana kwamfuta tashi a irin wurarenmu. Duk da haka ba ta tashi ba. Sai ya ɗauki tsohon ram ɗin shi kaɗai ya gwada a gurbin farko, ya gwada a na biyu, duk ta tashi, ke nan gurabun lafiyarsu ƙalau. Ya sa sabon shi kaɗai, baƙin allo a duka biyun. A nan ni na riga na yanke cewa mushe aka sayar mini, amma shi sai ya jawo wata laftof da ta fi tawa ƙuruciya, mai Core i5 zubi na uku, ya sa mata. Ta tashi, ta nuna 4GB cif.

"Malam, ram ɗinka ba matacce ba ne," in ji shi, "ƙirga ƙwayoyin nan." Baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa takwas ne. Ya nuna mini sitika, an rubuta 1Rx8. Bayaninsa shi ne, ram mai 4GB iri biyu ne a kasuwa: akwai mai ƙwaya takwas manya, wato 1Rx8, akwai kuma mai ƙwaya goma sha shida ƙanana, takwas gaba takwas baya, wato 2Rx8. Core i5 na zubin farko ba ya iya karanta manyan ƙwayoyin, don an ƙera shi kafin su yaɗu. Tsaga ɗaya, haƙora 204 duka, gurbi ɗaya suke shiga, amma ɗaya ne kawai zai yi magana da tawa. Mai shagon Kano bai yi ƙarya ba da ya ce ya gwada, a sabuwar kwamfuta ya gwada. Laifinsa ɗaya, bai tambaye ni wace kwamfuta ce ba kafin ya ba direba, alhali sana'arsa ce.

Na tambayi injiniyan batun sauri, don sitikar sabon ta ce PC3-12800, wato saurin 1600, tsohon kuwa PC3-8500, wato saurin 1066. Ya ce wannan ba abin damuwa ba ne sosai: ram mai sauri yakan sauko ya bi na kwamfutar, tawa kuma 1066 ne iyakarta, don haka kashe kuɗi kan mai 1600 ba ya ƙara mata komai. Inda ya ce a kula shi ne harafin L. PC3L yana aiki da bolt 1.35, PC3 kuwa 1.5, kuma laftof masu Core zubi na huɗu PC3L suke so. Wannan bai shafi tawa ba, amma na rubuta don masu irin waɗancan.

Canji ya ɗan ja. Sai da injiniyan ya karɓi wayar da kansa ya ce wa mai shagon, "Alhaji, 2Rx8 za ka duba mana, ko na hannu ne," sannan aka daidaita. Wanda aka aiko PC3-10600 ne mai ƙwaya goma sha shida. Aka haɗa shi da tsohon, ta tashi nan take.

Sai kuma wata ta ɓullo. BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya nuna 6GB, amma Windows ya ce uku da 'yan kai kawai yake amfani da su. Ashe Windows ɗin da ke kanta mai bit 32 ne, wanda ba ya ganin abin da ya haura 4GB, har ma a cikin huɗun akan yanke wani kaso don sauran kayan cikin kwamfutar. Babu wata dabara sai sake zuba mai bit 64, wato goge komai. Ya sa na kwashe takarduna a filas tukun, ya kuma nemo manhajar firintata mai bit 64 kafin ya taɓa komai, abin da ya burge ni, domin ba don haka ba da na koma ƙauye da kwamfuta mai sauri da firintar da ba ta bugawa. Daga ƙarshe ya kunna MemTest86, wato manhajar gwada lafiyar ram, ya bar shi ya zagaya, ba kuskure ko ɗaya. Ya ce ram na hannu yakan tashi lafiya amma ya riƙa kawo shuɗin allo daga baya, wato Windows ya tsaya cak, gara a sani tun kafin mai shago ya manta da kai.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wurin aikina, ta biya. Chrome da Excel da Word suna buɗe tare yanzu ba ta cijewa, ina cike fom ina buga takarda lokaci guda. Amma kada wani ya ce zai ga sabuwar kwamfuta. Wurin kunnawa har yanzu tana jan ƙafa, don faifan ajiyarta tsohon mai juyawa ne, kuma injiniyan ya faɗa mini gaskiya cewa SSD, wato faifan ajiya na zamani marar juyawa, shi ne maganin wannan, ba ram ba. Bidiyo mai nauyi ma tana haki da shi. Batir kuwa yadda yake haka yake, in sola ta yi sanyi da yamma aiki ya tsaya.

Iyakar wannan samfurin 8GB ne, 4GB a kowane gurbi, don haka zan iya ƙarawa in na samu wani 2Rx8 ɗin na sa shi a madadin tsohon mai 2GB. Abin da ke sa ni jinkiri shi ne Windows 10 da ke kanta, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma bai yarda da Core zubin farko ba. Saboda haka kuɗin da zan ƙara sa mata na SSD ne kawai, shi ma don zan iya cire shi in mayar a wata ranar da na canza.