FlutterFlow: ya dace ɗan kasuwa ya gina manhajar shagonsa da shi?

FlutterFlow dandali ne da ake shiga ta kwamfuta a haɗa manhajar waya ba tare da an zauna rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura don manhaja ta yi aiki, daga tushe ba. Kana jawo maɓalli da hoto da gurbin rubutu kana jera su a allo, shi kuma yana rubuta kod ɗin a bayan fage. Abel Mengistu da Alex Greaves, tsofaffin injiniyoyin Google, su suka kafa kamfanin a 2020, kuma sun dasa shi ne a kan Flutter, wato kayan aikin Google da ke ba da damar aiki ɗaya ya fita a Android da iPhone gaba ɗaya. Yawancin masu tallata shi ga 'yan kasuwa magana ɗaya suke yi: ka sami manhaja mai ɗauke da sunan shagonka da tambarinka, tana zaune a wayar kwastoma, kana tura masa talla duk lokacin da ka ga dama. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, a cikin masu haɗa manhaja ba da kod ba, FlutterFlow na cikin waɗanda suka fi cancanta, kuma dalilin guda ne mai ƙarfi: idan kana biyan kuɗin wata, yana ba ka damar sauke kod ɗin gaba ɗaya. Ran da kuka raba gari da kamfanin, ko farashi ya fi ƙarfinka, sai ka ɗauki kayanka ka miƙa wa duk wanda ya iya Flutter ya ci gaba. Da yawa daga cikin takwarorinsa ba haka suke ba. Ka daina biya, manhajar ta mutu a hannunsu. Tsarin kyauta kuwa na koyo ne da gwaji. Za ka gina, za ka duba a burauza, amma fitar da abin zuwa kasuwar manhajoji sai ka biya, da dala, kowane wata. Sun sha sauya farashi da sunayen tsare-tsaren, don haka a duba shafinsu ranar da za a yanke shawara.

Wajen tsara fuska babu abin kushewa. Shafin kaya, kwandon saye, shafin shiga da lambar waya ko imel, launukan kamfani a saita su wuri ɗaya su bi ko'ina, duk wannan mai natsuwa zai iya haɗawa cikin 'yan kwanaki. Matsalar ita ce wannan sauƙin yana ruɗar mutane. Mai shagon atamfa ya ga kayansa sun fito tsaf a allo, sai ya ɗauka an gama, alhali fenti kawai aka yi wa gidan da ba a ja masa ruwa da wuta ba.

Kayan da farashinsu da sunayen kwastomomi ba a cikin FlutterFlow suke zama ba. Suna zama ne a rumbun bayanai, galibi Firebase na Google ko Supabase, kuma wannan asusu ne daban mai lissafinsa daban. A Firebase, tsarin kyauta mai suna Spark yana ba da karatu (ɗebo bayani daga rumbun) 50,000 da rubutu (ajiye bayani a cikinsa) 20,000 a rana. Adadin kamar mai yawa, sai an yi lissafi. Duk kaya ɗaya da aka nuna wa kwastoma karatu ɗaya ne. Idan shafin farko yana ɗebo kaya 200 a lokaci guda, mutum 250 kacal za su buɗe shi kason ranar ya ƙare, sauran su tarar da allo wayam. Maganin yana cikin FlutterFlow ɗin kansa: a saita jerin ya riƙa ɗebo 20, idan mutum ya gangara ƙasa a ƙaro wasu 20. Ba a kunne yake zuwa ba, sai an kunna.

Haka batun hotuna. Hoton da aka ɗauka da waya kai tsaye yakan kai megabait 3 zuwa 5. Guda 20 a shafi ɗaya sun tasar wa megabait 80, a wuyan mai sayen data ta ɗari biyar. Ba zai yi ƙorafi ba, goge manhajar kawai zai yi. A matse kowane hoto ya dawo kusan kilobait 150 kafin a ɗora, ingancinsa a allon waya ba zai ragu yadda ido zai lura ba. Sai kuma dokokin tsaro na rumbun: idan aka buɗe shi a yanayin gwaji, kowa na iya karantawa da rubutawa har kwana 30, daga nan ya rufe ruf. Masu gaggawa sukan ƙara wa'adin maimakon su rubuta dokokin, wanda ke nufin lambobin wayar kwastomomi da adireshinsu suna fili. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma mai kasuwar ne zai amsa tambaya, ba wanda ya gina masa ba.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa ake kiran manhaja hanyar talla, wato sanarwar da ke faɗowa a saman waya. Idan aka cire ta, manhajar shago ba ta fi shafin intanet da komai ba. FlutterFlow ya tanadi wurin rubuta sanarwa da tura ta, ga kowa ko ga wasu zaɓaɓɓu, nan take ko a sa mata lokaci. Tura saƙon kansa ta Firebase kyauta ne. Sai dai tsarin da FlutterFlow ke bi yana buƙatar a ɗaga asusun Firebase zuwa tsarin Blaze, wanda ake biya gwargwadon amfani, kuma ba ya buɗuwa sai an ɗaura katin banki da ke biyan dala. Tura lambar tantancewa ta saƙon tes ma sai da Blaze, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Ajiyar hotuna ita ma, tun ƙarshen 2024, sabon aiki sai da Blaze. Wato dai maganar "Firebase kyauta ne" ba ta kai wa ga manhajar kasuwa ta gaske. Ƙaramin shago ba lalle lissafinsa ya yi nauyi ba, amma a saita gargaɗin kasafi tun ranar farko, a kuma sani gargaɗi ne kawai, ba ya tsayar da cajin.

Ko an shirya komai, ba kowace sanarwa ke isa ba. Tun daga Android 13, waya sai ta tambayi mai ita ko ya yarda manhajar ta riƙa turo masa saƙo, kuma idan aka jefo tambayar a buɗewar farko, kafin mutum ya ga amfanin komai, yawanci ƙi ake dannawa. Gara a jinkirta ta zuwa bayan ya yi oda, a ce masa za a sanar da shi idan kayansa sun taso. A nan yana da dalilin yarda. Apple kuma ƙa'idarsa ta hana tura talla ta sanarwa sai mutum ya amince da hakan a fili, an kuma ba shi hanyar janyewa. Sannan ga halin wayoyin da suka cika hannun jama'a, Tecno da Infinix da itel. Tsarinsu na tattalin batir yana yawan kashe manhajojin da ke bayan fage, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar sanarwa har sai an sake buɗe ta. Wannan ba laifin FlutterFlow ba ne, amma gwajinsa na cikin burauza ba zai taɓa nuna maka shi ba, don sanarwa ba ta aiki a can sam. A nemo ƙaramar itel mai ƙwaƙwalwar gigabait 2, a sa manhajar, a bar ta ta kwana, a tura saƙo da safe a gani. Wanda ya gwada a Samsung mai tsada kaɗai bai gwada ba.

Wajen karɓar kuɗi ne FlutterFlow ya fi nuna cewa ba da kasuwarmu a rai aka gina shi ba. Abin da ya zo a haɗe shi ne kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Stripe da Braintree da Razorpay. Paystack da Flutterwave, da ake amfani da su a kasuwarmu, sai an haɗa su da hannu, kuma a nan maganar "babu kod" take ƙarewa. Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Paystack da kwabo yake lissafi, don haka idan aka tura masa 5000 naira 50 zai caja, ba dubu biyar ba. Sai an ninka da 100. Na biyu, makullin sirri na asusun Paystack ba a saka shi cikin manhajar da ke wayar mutane, domin ana iya tono shi. A saba yake zama, wato kwamfutar da ke intanet wadda ke yi wa manhajar aiki a bayan fage. Na uku ya fi ci wa mutane kuɗi: kada manhaja ta rubuta "an biya" don kawai allon biya ya rufe. Saba ce za ta tambayi Paystack ta tabbatar da kuɗin da adadinsu kafin a ɗaure kaya. Cajin Paystack na cikin gida kashi 1.5 ne da ƙarin naira 100, ba ya wuce naira 2,000, wato odar dubu 20 za a cire 400. Abin daɗin shi ne kason da Google da Apple ke yanka, 15 ko 30 cikin ɗari, bai shafi kayan hannu irin su yadi da abinci da takalmi ba. Na kayan da ake amfani da su a cikin waya ne. Kuma a bar wa mutane zaɓin turawa ta banki ko biya idan kaya sun iso, don da yawa ba za su sa kati ba ko me aka ce musu.

Ga mai son manhajar ta yi Hausa, akwai wurin saka harsuna da yawa, har da fassarar inji ta Google, wadda ba a sakinta sai mutum ya bi ta layi-layi. A kula da salon rubutun da aka zaɓa, domin ba kowanne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Wani sai harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su. Bincike ma yana da tarko: kwastoma zai rubuta "dankunne" alhali an ajiye "ɗankunne", sai a ce masa babu. A ware gurbi na biyu ga kowane kaya, a rubuta sunan da ƙananan haruffa ba lanƙwasa, bincike ya riƙa duba can.

Fitarwa zuwa kasuwa FlutterFlow ya sauƙaƙa ta sosai, har ta iPhone ana iya turawa ba tare da an mallaki kwamfutar Mac ba. Abin da ba zai iya gajarta maka ba shi ne layin Google da Apple. Asusun Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara. Asusun Google na mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 ba zai saki manhaja ga jama'a ba sai mutum 12 sun shiga gwaji sun zauna a ciki kwana 14 a jere. Da farko ma 20 ne aka rage. Asusun kamfani ba ya bin wannan layin, amma yana buƙatar lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani ta ƙasa da ƙasa, wadda kyauta ce sai dai tana iya ɗaukar wata guda, kuma sunan da adireshin sai sun yi daidai da na takardar rajistar CAC harafi da harafi. Za a nemi tambari mai faɗin 512 da tsawon 512 a ma'aunin fiksel (ɗigon hoto), hoton talla 1024 da 500, hotunan allo aƙalla biyu, suna da bai wuce haruffa 30 ba, shafin bayanin sirri, da hanyar da kwastoma zai goge asusunsa. Apple ya fi tsanani: manhajar da shafin intanet ne kawai aka naɗe ba ya karɓa. Ga yawancin shaguna a nan, a fara da Android, a bar iPhone sai kwastomomi sun tambaya da bakinsu.

To wa ya kamata ya shiga wannan hidimar? Wanda mutum ɗaya ke saye a wurinsa sau da yawa a wata: gidan abinci mai kai wa gida, kantin kayan masarufi, mai sayar da data, mai gas ɗin girki, dilan da ƙananan 'yan kasuwa ke sara a hannunsa kowane mako. A wurin irin waɗannan, maɓallin "sake odar jiya" da katin lada na saye goma a ba ka ɗaya suna mayar da kuɗinsu. Mai kayan ɗaki ko kayan lefe, wanda ake zuwa wurinsa sau ɗaya a shekaru, babu mai ajiye manhajarsa a wayar da hotunan biki suka riga suka cika. Manhaja ba ta kawo sabon kwastoma. Ba wanda ke shiga Play Store neman shagon da bai taɓa ji ba. Tana riƙe wanda aka riga aka samu ne. WhatsApp Business yana ɗaukar kaya har 500 a kundinsa, kyauta, kuma saƙo ɗaya na zuwa ga mutum 256 muddin sun ajiye lambarka. Wanda bai cika wannan ba tukuna, bai kai ga buƙatar FlutterFlow ba.

Wanda ya yanke zai yi, ya sa a ransa cewa ba aikin yi-ka-gama ba ne. Google na ɗaga matakin Android ɗin da ake buƙata duk ƙarshen Agusta, wanda bai sabunta ba a daina nuna manhajarsa ga masu sababbin wayoyi. Hidimomi ma suna mutuwa: Firebase Dynamic Links, da mutane da yawa suka dogara da shi don mahaɗin Instagram ya buɗe kaya kai tsaye cikin manhaja, an rufe shi a Agustan 2025. Idan kuma wani za a ba kwangilar ginin, asusun Google Play da na Firebase da na Paystack da aikin FlutterFlow ɗin kansa duk a buɗe su da imel ɗin kasuwar, shi a gayyato shi ciki a matsayin ma'aikaci. Sunan ƙunshin manhajar, wato sunan shaidarta a Play Store, wanda ba ya canzuwa bayan an saki, ya ɗauki sunan kasuwar. Kafin a biya cikon kuɗinsa a karɓi kod ɗin da aka sauke, a ajiye a wuri biyu, a kuma rubuta a yarjejeniya nawa zai riƙa karɓa don sabuntawar kowace shekara.