Ingila da Amurka bayan Yaƙin Hitila: nasara ɗaya, tukunya biyu

Ɗan'uwa, shekaranjiya ka yi tambaya a zauren nan cewa tunda Ingila da Amurka tare suka ci Yaƙin Duniya na Biyu, shin rayuwar mutanensu iri ɗaya ce a shekarun da suka biyo baya, wajen ci da sha da nishaɗi da labaran da suke ji? Na ga wasu sun amsa maka da cewa ai duk Turawa ne, duk daula suka shiga. Ba haka abin yake ba ko kusa. Daga 1945 zuwa wajen 1950, in ka dubi magidancin Landan ka dubi na New York, sai ka rantse ba daga yaƙi ɗaya suka fito ba.

Tushen bambancin a fili yake. Jiragen Jamus sun yi wa biranen Ingila ruwan bama-bamai, farar hula sama da 60,000 suka mutu, unguwanni suka zama kufai. Biranen Amurka kuwa ba wanda aka rusa, masana'antunta ma ƙara bunƙasa suka yi da ƙera kayan yaƙi. Ingila ta sayar da kadarorinta na waje ta ci bashi har wuya don ta yi yaƙin. A watan Agustan 1945, ana gamawa da Japan, Shugaban Amurka Truman ya tsayar da tallafin kayan da Amurka take ba Ingila. Dole ta tura masanin tattalin arzikinta John Maynard Keynes zuwa Washington neman rance. Aka ba ta dala biliyan 3.75, bashin da ba ta gama biya ba sai a Disambar 2006. Ɗaya ta fito daga yaƙi tana bin bashi, ɗaya ta fito ana bin ta.

A tukunya aka fi ganin wannan, don haka a nan zan fi daɗewa. A Ingila kowane mutum yana da ɗan littafin kason abinci. Uwargida za ta yi rajista da mahauci guda da mai kanti guda, ta je ta bi layi, a yanke mata tikiti a ba ta abin da gwamnati ta ƙayyade: nama, bota, cuku, sukari, ganyen shayi, man girki, har sabulu da tufafi. Mutane sun jure wannan lokacin yaƙi da tunanin cewa ana yin nasara za a saki. Sai ga shi abin ya ƙara tsanani. Burodi, wanda duk tsawon yaƙi ba a taɓa ƙayyade shi ba, a Yulin 1946 aka sa shi cikin kaso, aka shekara biyu a haka. Dalili shi ne alkama ta yi ƙaranci a duniya, kuma Ingila tana ciyar da yankin Jamus da ta mamaye, wato mutanen da ta gama yaƙa. A ƙarshen 1947 dankalin Turawa ma ya shiga. Tufafi ba a sake su ba sai 1949, man fetur 1950, shayi 1952, sukari 1953, nama kuwa sai Yulin 1954, shekara tara bayan an daina harbi. Yaron da aka haifa a farkon yaƙi ya kai shekara goma sha huɗu bai taɓa ganin mahaifiyarsa ta sayi nama ba tare da tikiti ba.

Abin bai bar gidan sarauta ba. Da Gimbiya Elizabeth za ta yi aure a Nuwambar 1947, da tikitin tufafi aka sayi yadin rigar amarcinta. Gwamnati ta ƙara mata tikiti 200, mata daga sassan ƙasar suka riƙa aiko mata da nasu, aka mayar musu saboda doka ta hana ba wani tikitinka. Inda aka matse kuwa ba a rasa 'yan bayan fage, masu sayar da safar mata da sigari da nama a ɓoye, kamar dai yadda muka san 'yan bumburutu in mai ya yi wuya.

A Amurka an saki man fetur a ranar da aka yi shelar Japan ta miƙa wuya, nama a Nuwambar 1945, sukari ne kawai ya kai 1947. Amma kada ka ɗauka sun shiga aljanna kai tsaye. Da aka cire ƙayyade farashi a 1946 kaya suka yi tashin gwauron zabi, albashi bai bi ba. Ma'aikata wajen miliyan biyar suka yi yajin aiki a cikin shekara guda bayan yaƙin: masu ƙarfe, masu haƙar kwal, masu ƙera motoci, ma'aikatan jirgin ƙasa. A kakar 1946 makiyaya suka ƙi kai shanu kasuwa, nama ya ɓace daga kantuna na makonni. Sai dai wahalar Ba'amurke ta ɗan lokaci ce, ta mai kuɗi a aljihu yana jiran kaya su iso. Masana'antun da suka daina ƙera motocin hawa tun 1942 suka koma aiki, zuwa 1949 suna fitar da mota sama da miliyan biyar a shekara, ga firji ga injin wanki. Ingila ma tana ƙera motoci, amma yawanci waje ake kai su don a samo dala, ɗan ƙasa ya rubuta suna ya yi shekaru yana jira.

Sannan ga hunturun 1947, wanda tsofaffin Ingila ba su manta ba. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi da layin dogo, kwal ya daskare a bakin rami ba a iya kai shi tashoshin lantarki. Aka riƙa ɗauke wuta na sa'o'i kullum, masana'antu suka rufe, aka dakatar da talabijin, tumaki suka mutu a filaye. Da ƙanƙarar ta narke sai ambaliya ta biyo baya.

Muhalli duka ƙasashen sun sha wuyarsa, don sojoji sun dawo, an ɗaura aure, haihuwa ta yawaita. Maganin da kowa ya nema ne ya bambanta. A Ingila dubban iyalai a 1946 suka kutsa cikin barikokin soja da aka bari suka tare, gwamnati kuma ta kakkafa ƙananan gidaje da ake haɗawa a masana'anta, sama da 150,000, ta kuma sa ƙananan hukumomi gina gidajen haya. A Amurka dokar da aka yi wa 'yan mazan jiya tun 1944 ta ba tsohon soja damar karɓar bashin gida da sauƙi, ta kuma biya masa kuɗin karatu. A 1947 kusan rabin masu shiga jami'o'in ƙasar tsofaffin sojoji ne. Wani kamfanin gini ya ɗauki gonakin dankali a Long Island, kusa da New York, ya gina gari sukutum mai suna Levittown, gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, gida guda ƙasa da dala 8,000. A takardar yarjejeniyar gidajen nan an rubuta cewa farar fata kaɗai zai zauna. Baƙar fatan da ya yi yaƙi a Faransa ko Italiya ba shi da rabo a ciki, a jihohin kudu kuma bankuna da jami'o'i da yawa sun rufe masa ƙofa duk da dokar ba ta cire shi ba.

Wannan ne ya sa ba na yarda a ce kai tsaye Amurka ta fi daɗin zama. Sai an tambaya: ga wa? A Fabrairun 1946 wani baƙar fata mai muƙamin saje, Isaac Woodard, yana hanyar gida sanye da kakinsa a ranar da aka sallame shi, 'yan sanda a South Carolina suka sauke shi daga bas suka doke shi har ya makance. Kotu ta wanke wanda aka tuhuma. Labarin ya girgiza Truman, yana kuma cikin abubuwan da suka kai shi ga ba da umarnin daina wariyar launi a rundunar soja a Yulin 1948.

A wannan watan na Yulin 1948, ran 5 ga wata, Ingila ta yi abin da a ganina ya fi duk motocin Amurka daraja. Ta buɗe tsarin kiwon lafiya na ƙasa ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, wanda shi kansa ya yi aikin haƙar kwal yana yaro a Wales. Ganin likita, kwanciya asibiti, magani, tabarau, haƙoran roba, duk ba biya a bakin ƙofa, daga haraji ake ɗauka. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye ciwo don tsoron kuɗin likita suka yi tururuwa. Ƙasar da take auna wa mutanenta burodi ce ta yi wannan. Truman ya nemi majalisa ta yi inshorar lafiya ta ƙasa tun Nuwambar 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙi shirin da cewa gurguzanci ne, ya mutu. Wannan zaɓin na Ingila ya samo asali daga zaɓen Yulin 1945, inda jama'a suka kayar da Churchill, jagoran yaƙin, suka ɗora Clement Attlee na jam'iyyar Leba. Ba ƙin Churchill suka yi ba, sun tuna rashin aiki da yunwar da iyayensu suka sha bayan yaƙin farko ne, ba sa son a maimaita.

Wajen nishaɗi sun fi kama da juna. A ƙasashen biyu 1946 ce shekarar da aka fi shiga silima a tarihi. A Ingila an sayar da tikiti sama da biliyan 1.6 a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba, wato kowane mutum ya shiga sama da sau talatin. Ba mamaki, ɗakin silima da ɗumi, gida kuwa ba kwal. Yawancin finafinan na Hollywood ne, talakan Ingila yana zaune yana kallon teburan cin abinci da manyan motocin Amurka. Dalar da ke fita ta wannan hanya ta dami gwamnati har ta sa harajin kashi 75 cikin ɗari a kan finafinan waje a 1947, Hollywood ta daina aiko da sababbi na watanni kafin a sasanta. Ƙwallon ƙafa ma ta cika maƙil, a kakar 1948 zuwa 1949 'yan kallo sama da miliyan 41 suka shiga filayen gasar Ingila. Landan ta karɓi gasar Olamfik ta 1948 ba tare da gina sabon filin wasa ba, aka sauke 'yan wasa a barikoki da makarantu. A Amurka babban labarin wasanni shi ne Jackie Robinson, baƙar fatan da a Afrilun 1947 ya karya shingen launi a babbar gasar ƙwallon sanda (baseball), ya sha zagi da barazana yana wasa.

Rediyo ne sarkin falo a duka ƙasashen. Na Ingila BBC ce kaɗai, ba talla, mai akwatin rediyo ke biyan lasin. Na Amurka na 'yan kasuwa ne, kamfanonin sabulu da sigari ke ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo. Talabijin ta dawo a Ingila a Yunin 1946, amma sai Landan da kewaye har ƙarshen 1949. A Amurka ta bazu da sauri, zuwa 1950 kusan gida ɗaya cikin goma yana da ita.

Labarai kuma kowa da abin da ke hana shi barci. Jaridun Ingila sirara ne saboda takarda ma ƙayyade ta aka yi, kanunsu kuma kason abinci ne, kwal, darajar fam wadda aka karya a Satumbar 1949 daga dala 4.03 zuwa 2.80, da daular da ke zamewa: Indiya da Pakistan a 1947, ficewa daga Falasɗinu a 1948. Jaridun Amurka masu kauri cike da talla suna maganar gwajin bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini, binciken da majalisa ta yi wa 'yan fim a 1947 kan zargin gurguzu, jigilar abinci ta sama zuwa Berlin, da gwajin bam na farko da Tarayyar Sobiyet ta yi a 1949.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne dalilin da ya sa na tsaya na rubuta maka wannan dogon bayani. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama (ƙasar Burma a Asiya, Myanmar ta yanzu), da yawansu 'yan Arewa, sun dawo gida ba tare da tanadi irin na 'yan mazan jiyan Amurka ba. Tsadar rayuwa ta sa ma'aikatan Nijeriya yajin aikin gama-gari a tsakiyar 1945. Ingila kuma tana cikin matsanancin ƙarancin mai na girki da sabulu, ba ta da dalar sayowa daga Amurka, sai ta juyo kan ƙasashen da take mulka. Ta zuba miliyoyin fam a wani shirin noman gyaɗa a Tanganyika (cikin Tanzaniya ta yanzu) daga 1947, shirin ya rushe aka watsar da shi a 1951. Gyaɗar da ta samu ta gaske daga gonakin Kano da Katsina da maƙwabtansu ta fito. Hukuma ce ke yanke farashi ta saya daga manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya, aikin da hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta ci gaba da yi. Jirgin ƙasa ya gaji da aikin yaƙi, ba isassun injuna da taragai, buhuna suka taru a Kano suna jiran a kai su Ikko, dalar gyaɗa ta yi ta tashi sama. Man da matar Landan take bin layi ta karɓa da tikiti don ta shafa wa 'ya'yanta a burodi, wani kasonsa daga cikin buhunan nan aka matse shi, kuma haka aka ci gaba da auna mata shi har 1954.