Zumar Ƙananan Masu Kiwo: Wacce Ce Ta Cancanci Kuɗinta?

Zumar da ƙananan masu kiwo ke kawowa kasuwanninmu, daga tsaunin Mambila da dazukan Taraba, kudancin Kaduna, Neja da Bauchi, har da wadda ke tsallako iyaka daga yankin Adamawa na Kamaru, a asalinta zuma ce mai kyau. Ƙudan yana yin aikinsa daidai. Ɓarnar tana farawa ne daga daren da aka hau bishiya da wuta, ta ci gaba a tukunya, ta ƙare a cikin gorar ruwa da ba ta bushe ba. Shi ya sa za ka sayi gora biyu daga daji ɗaya, ɗaya ta shekara lafiya lau, ɗayar kuwa ta yi tsami kafin wata biyu.

Iri uku ne ke yawo a hannun masu sayarwa. Akwai zumar amya ta gargajiya, akwai ta akwatin zamani da masu kiwo ke tacewa da kansu, sai kuma wadda ba ta taɓa ganin ƙudan zuma ba, ko ta gan shi sama-sama.

Ta amya ita ce mafi yawa kuma mafi araha. Amyar ciyawa ce ko ta kututturen itace ko tukunya, a rataye a kan ɗorawa ko kaɗanya. Matsalarta ba a iya leƙa ciki a ga saƙar da ta nuna. Mai ɗiba yakan je da dare da damin ciyawa mai ci da wuta, ya kori ƙudan ko ya ƙone su, ya kwashe duk abin da hannunsa ya taɓa: saƙar da ta nuna, wadda ba ta nuna ba, mai ƙwai da tsutsa, da mai garin fure. A haɗa su a bokiti a dagargaza. Wasu su ɗora a wuta don kakin ya narke ya taso sama. Abin da ke fitowa baƙa ce, mai ƙaurin hayaƙi, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Da yawa daga cikin masu saye sun ɗauki wannan ƙauri a matsayin shaidar zumar asali, har sukan ƙi wadda ba ta da shi. Ƙaurin ba na zuma ba ne, na wuta ne, kuma masu haɗa ta jabu sun fi kowa sanin haka, don ƙona sukari da ɗan hayaƙi ba wuya.

Ba ina cewa kada a sayi ta amya ba. In an sami mai ɗiba da ke ware saƙar da ke rufe da kaki, ya bar mai 'ya'ya a ciki, ya matse ta ɗanye ba wuta, zumarsa ba ta gaza ta kowa ba. Irinsu ne dai ba su da yawa.

Ta akwati ita na fi bai wa maki. Akwatin da ya fi dacewa da ƙaramin mai kiwo shi ne na Kenya mai sanduna a sama, wanda kafinta na gari zai iya haɗawa, muddin ya yanka kowace sanda a faɗin milimita 32 zuwa 33. In ta wuce haka ko ta gaza, ƙudan zai gina saƙa a gicciye ya haɗe sanduna biyu ko uku, a rasa yadda za a ɗaga ɗaya ba tare da an farfasa ba. Amfanin akwatin shi ne ana ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a duba. Wadda ƙudan ya rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ramukanta da farin kaki, ita ce ta nuna. A yanke ta a bokiti mai murfi, a mayar da sandar. Hayaƙi kaɗan ake bugawa da gwangwanin hayaƙi, mai sanyi, ba harshen wuta ba. Akwatin Langstroth mai firam ya fi ba da zuma, amma yana buƙatar injin juya saƙa da kaya masu tsada, sai ƙungiya ta fi iya ɗaukarsa.

Ga inda komai ya rataya: ruwan da ke cikin zuma. Ma'aunin duniya na Codex, wanda aka fara fitarwa a 1981, ya ce kada ruwa ya wuce kashi 20 cikin 100. Zumar da ta nuna da kyau takan tsaya wajen kashi 17 zuwa 18. Ƙudan ba ya rufe rami sai ya fifita ruwan furen da fukafukansa ya ƙafe, don haka saƙar da ke buɗe ruwanta na da yawa. In aka cakuɗa ta da sauran, yis ɗin da ke cikin zuma tun asali sai ya sami damar aiki. Alamunsa a bayyane suke: farin kumfa mai kauri a wuyan gora da ke dawowa ko an kwashe, gorar roba ta kumbura ta yi tauri, in ka murɗa murfi ka ji "fisss", sannan wani wari mai tsami-tsami. Wannan zuma ce ta gaske, ba jabu ba, amma ta lalace, kuma tafasa ta ba ya mayar da ita yadda take. Zuma kuma tana zuƙar danshi daga iska. In danshin iska ya haura kashi 60, bokitin da aka bari a buɗe zai yi ta shan ruwa. Shi ya sa zumar bazara, wadda aka ɗebe daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu kafin ruwa ya sauka, ta fi kauri da daɗewa a kan wadda aka ɗebe ko aka tace da damina.

Na'urar auna wannan ruwa ƙarama ce, ana ce mata rifraktomita, ba ta fi tocilan girma ba. A ɗiga zuma a kan gilashinta, a rufe, a leƙa ta wajen haske, lamba ta fito. Duk ƙungiyar masu kiwo da ke tara zumar mutane da yawa a mazubi ɗaya ba tare da wannan na'ura ba, caca take yi, don jarka ɗaya mai ruwa tana iya ɓata duro guda.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Ɗumama zuma sama da digiri 40 yana kashe sinadaran da ƙudan ya zuba mata, ya baƙanta ta, ya haifar da wani sinadari da ake kira HMF, wanda da shi ɗakin gwaji ke gane zumar da aka dafa ko ta tsufa. Codex ya ƙayyade miligiram 40 a kowane kilo, ya sassauta zuwa 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. Ko da wannan sassauci, zumar da aka narka a tukunya, ko aka jera a tebur a bakin titi tana shan ranar Afrilu kullum, tana iya zarce iyakar. Tacewar da ta dace ba ta buƙatar wuta. A farfasa saƙa, a zuba a rariya mai manyan ramuka, a ƙarƙashinta a shimfiɗa kyallen nailan mai laushi, a rufe a ɗaki mai ɗumi ta tsiyaye da kanta. Daga nan a bar ta kwana biyu ko uku a bokiti mai famfo a gindi. Kumfa da ɓarɓashin kaki su taso sama, a riƙa cika kwalabe daga ƙasa.

Mazubi ma abin dubawa ne. Zuma tana da ɗan tsami a halittarta, tana cin ƙarfe da kwanon rufi, don haka duro na baƙin ƙarfe ko bokitin langa ba wurinta ba ne. Tana kuma ɗaukar wari. Jarkar da aka taɓa zuba manja, kalanzir ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, a bar ta. Ka shanshana murfin kafin ka ɗanɗana abin da ke ciki.

Game da gwaje-gwajen kasuwa kuwa, ashana da aka tsoma ta kama wuta, ɗigo a kofin ruwa ya nutse bai watse ba, ɗigo a farce bai zuba ba, tururuwa ta ƙi taɓawa, ba na dogara da ko ɗaya. Ukun farko kauri kawai suke nunawa, kuma ruwan sukari da aka dafa ya yi kauri zai ci jarrabawar. Tururuwa kuwa tana shan zuma kamar kowa. Zumar da aka haɗa da ruwan sukarin rake ko na masara, ɗakin gwaji ne ke kama ta. Kuma ba matsalarmu kaɗai ba ce: a 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto cewa cikin samfuri 320 na zumar da aka shigo da ita, kashi 46 cikin 100 ana zargin an gauraya su.

Wani zalunci da ake yi wa masu kiwo na gaskiya shi ne batun daskarewa. Zuma ta yi gari-gari a gindin kwalba da hunturu, sai a ce ai ga sukarin ya fito. Ba haka ba ne. Gulukos ɗin da ke cikinta, wato sukarinta na halitta, shi ne ke daskarewa, kuma ya fi sauri a sanyin wajen digiri 14, irin na Jos da Gembu. Farar zumar Oku ta arewa maso yammacin Kamaru, wadda ta sami rajistar kariya ta sunan yankinta a 2013, fara ce kuma a daskare ake sayar da ita da tsada. A tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, za ta sake. Launi ma ba hujja ba ne, furen da ƙudan ya sha ne ke sa shi, kamar yadda furen darbejiya ke sa ɗan ɗaci.

Sai farashi. Nan ne mai saye ya fi shan kashi, domin da ido ake ciniki, ba da sikeli ba. Lita ɗaya ta zuma tana da nauyin kusan kilo 1.4. Ke nan gorar ruwa mai santilita 75 tana ɗaukar kilo ɗaya da ɗan ɗori, mai santilita 50 giram 700, jarka mai lita 25 kuma kilo 35. Kwalbar da aka rubuta giram 500 da wadda aka rubuta mililita 500 ba ɗaya ba ne, ta biyun ta fi ta farko da giram 200. Mu ɗauki misali da lambar da za ka iya sauyawa da farashin garinku na yau: mai kiwo ya sayar da jarka a kan naira 140,000, kilo ya kama 4,000. A tacewa a rasa kilo biyu na kumfa da kaki da abin da ya maƙale, kilo ya koma kusan 4,250. Ba a sa kuɗin mota ba, ba kwalba, ba takardar jiki, ba riba. A irin wannan lissafi, duk wanda ya miƙo maka cikakkiyar gora mai santilita 75 a kan 3,000 yana sayarwa ƙasa da yadda ya saya, kuma ɗan kasuwa ba ya yin haka don Allah. Ɗora gorar a sikeli zai tona zumar da aka sirka da ruwa, amma ba zai kama ta sukari ba, don nauyinsu kusan ɗaya ne.

Ƙarin kuɗin da ake biya a kan zumar akwati mai suna a jiki, a ganina ya halatta, in dai takardar ta faɗi abin da ya kamata. A Najeriya duk abincin da aka ƙulla a mazubi don sayarwa a shaguna yana ƙarƙashin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma dokar rubutun jikin abinci da aka sabunta a 2022 ita ce ma'auni. Dole a ga sunan kaya, nauyi ko yawan abin da ke ciki da giram ko mililita, suna da cikakken adireshin mai haɗawa, lambar rukunin da aka cika tare, ranar cikawa da ranar da ya fi kyau a sha kafinta, yadda za a adana, da lambar rajistar NAFDAC. Rubutun da Turanci ne, ana iya ƙara Hausa. Samun lambar yana buƙatar rajistar kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a cika takardu ta NAPAMS, shafin intanet na NAFDAC, jami'ai su zo su duba ɗakin tacewa, a kai samfuri gwaji. Rajistar tana aiki shekara biyar. Ga mai akwati goma wannan nauyi ne, shi ya sa hanyar da ta fi ita ce a haɗu a ƙungiya, ɗakin tacewa ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya. Lambar rukuni ba ado ba ce. Ita ce ke sa in kwalba ta yi tsami a san daga jarkar wa ta fito.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun nan shi ne jera cututtuka: gyambon ciki, asma, hawan jini, ciwon sukari, ƙarfin maza. Kowa ya san abin da Suratun Nahli ta faɗa game da waraka a cikin zuma, amma doka ba ta yarda a rubuta a jikin abinci cewa yana maganin cuta ba, kuma wannan kaɗai ya isa a dawo maka da takardunka. Iƙirarin cewa zumar asali ba ta tayar da sukarin jini ƙarya ce mai haɗari, kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Abin da ya fi dacewa a rubuta, kuma da wuya ka gan shi, shi ne gargaɗin kada a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Zuma, komai kyanta, tana iya ɗaukar ƙwayar da ke haddasa botulizim, cutar da ke sassauta jijiyoyin jariri har ya kasa tsotso da numfashi. A inda ake lasa wa sabon haihuwa zuma, wannan layi ɗaya ya fi dukan kirarin da ke jikin kwalba amfani.

In za ka saya kai tsaye a hannun mai kiwo, wanda ba shi da takarda, tambayoyi huɗu sun isa: wane wata aka ɗebe, amya ce ko akwati, an ɗora a wuta ko ba a ɗora ba, kuma me jarkar ta taɓa ɗauka. Mai kiwo na gaskiya zai amsa ba inda-inda, har ya nuna maka kakin da ya rage, wanda mai dafa sukari ba shi da shi. Ka fara da ƙaramar gora, ka juye ta a busasshiyar kwalba mai murfin da ke kamawa, ka ajiye nesa da rana da murhu, ba a firji ba. In ta yi wata guda ba kumfa ba tsami, ka koma ka sayi ta shekara tun bazara ba ta wuce ba.