Wasiƙa Daga Cape Town: Yadda Ake Yi da Baƙin Biki a Nan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata saƙonta ya iso, kuma ina kula da kaina.

Ranar da muka yi waya kin tambaye ni yadda mutanen nan suke yi da baƙin biki, layi ya yi ta yankewa ban ba ki amsa ba. Tunda shirya biki sana'arki ce a Kano, ni kuma shekara shida ke nan baƙin biki nake tuƙawa, gara in zauna in rubuta miki a tsanake.

Lokacin da kuke fama da hunturu mu nan zafi ake yi, kuma shi ne kakar aure, daga Nuwamba zuwa Maris. A Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare. Mutane suna tasowa daga Ingila da Jamus, har da Legas da Abuja, su kama gonar inabi guda su yi aurensu a ciki. Ango baƙo, amarya baƙuwa, 'yan biki duk baƙi. Shagalin yini ɗaya ne, amma wanda ya biya kuɗin jirgi daga uwa duniya ba zai juya washegari ba, sai ya yi kwana huɗu ko biyar. To waɗannan kwanakin da suka rage su ne kasuwar. Tun kafin mutum ya baro gida an aiko masa da jadawali: Alhamis hawan dutse, Juma'a gonakin inabi, Asabar biki, Lahadi bakin teku. Ya zaɓi wanda yake so, ya biya da kansa. Na san wannan zai yi miki banbarakwai, domin a wurinmu ka gayyaci mutum sannan ka ce ya biya kuɗin mota abin kunya ne. A nan ba wanda yake ganin aibinsa.

Abin da ya fi kawo kuɗi shi ne ɗanɗana giyar inabi, kuma na san nan ne hankalinki zai tsaya, don haka bari in faɗa miki yadda yake. Gonakin da muke kai baƙi suna kewayen garuruwa biyu: Stellenbosch tana da nisan kilomita kamar 50 daga nan, Franschhoek ta ɗan ɗara. Turawan Holan ne suka kafa Stellenbosch a 1679, Franschhoek kuwa Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini ne suka zauna a cikinta daga 1688. Tun 1659 aka fara matse inabi a yankin nan, kuma gonar Groot Constantia da aka kafa a 1685 har yau tana aiki. Idan baƙi suka isa, sai a zaunar da su a dogon tebur a inuwar manyan itatuwa, a jera wa kowa kofunan gilashi biyar ko shida. Ma'aikaciya ta zuba ɗan kaɗan a gindin kofi, ta faɗi irin inabin da shekarar da aka girbe shi da watannin da ya yi a gangar katako. Su juya kofin, su sansana, su kurɓa. Akwai ɗan bokiti a tsakiyar tebur na wanda yake son ya tofar. Ɗanɗanon kansa ba tsada, ribar tana wurin kwalaben da za a saya a hanyar fita. Saboda doka ta tsananta a kan tuƙi cikin maye, dole su ɗauki direban da ba ya sha, abin da ya sa ire-irenmu ba ma rasa aiki. A Franschhoek ma tun 2012 aka sa wani ɗan jirgin ƙasa da motocin safa suna zagaya gonakin, ka sauka inda kake so ka hau na baya.

Ni dai ba na zama a teburin, kin san abin da malamai suka faɗa game da zaman inda ake sha. Ina sauke su in koma mota, ko in shimfiɗa dardumata a bayan rumbu in yi azahar. Ban taɓa samun mai gonar da ya hana ni ba.

A watan Fabrairun bara na ɗauki wata Hajiya 'yar Zariya da ƙannenta biyu, ɗan ƙanwarta ne yake auren wata Baturiya. Tun a mota jikinta ya yi sanyi, ta ce, “Ɗana, ni me ya kai ni gidan giya?” Na ce ta bari in yi magana da su. Aka ware musu tebur can gefe kusa da lambu, aka kawo ruwan inabi zalla wanda ba a tsima ba, ja da fari, a kwalba a rufe. Hajiya ta sa tabarau ta karanta takardar jikin kwalbar da kanta kafin ta yarda a buɗe. Aka kawo burodi mai zafi da man zaitun kala uku da cuku. Lokacin girbi ne, sai wani dattijo ma'aikacin gonar ya yanko mata nonon inabi guda daga jikin itace, ɗumin rana bai sake shi ba. Ta sa ɗaya a baki ta yi shiru, can ta ce, “Ashe wanda muke saya a tire ba inabi ba ne.” Gaskiya ta faɗa. Kayan marmarin nan, inabi da tuffa da lemo, a lokacinsu ba sa kama da wanda ya sha tafiya kafin ya iso 'Yan Lemo.

Amma kada ki ɗauka ko'ina haka ne. Akwai wani kamfanin abinci da ya karɓi kuɗin abincin halal na mutum goma sha biyu, ranar biki ya ajiye musu ganye da dankali. Mutane sun sha hanya, suka kwana da yunwa, sai da na fita tsakar dare na nemo musu abinci. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Tun daga nan ba na yarda da maganar baki, sai na ga takardar shaidar halal, irin wadda majalisar malaman Musulmin garin nan take bayarwa.

Musulunci a garin nan tsoho ne, Yaya, kuma tarihinsa a haɗe yake da gonakin nan. Bayi ne suka noma su, waɗanda aka kwaso daga Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, da yawansu Musulmi. Ko bayan bauta, an daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana tun 1960 amma ba a daina ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma har yau ana ganin ɓarnar da hakan ya yi a gidajensu. Ba kowane mai zagayawa da baƙi yake faɗin wannan ba, ni kam ina faɗa. Idan baƙina Musulmi ne, a hanyar Stellenbosch nakan ratse da su Macassar, inda hubbaren Shehu Yusuf yake, malamin da Turawan Holan suka koro nan a 1694. Ran Juma'a kuma mu tafi Bo-Kaap, unguwar gidaje masu launi kala-kala, inda Masallacin Auwal yake tun 1794. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ya yi zaman kaso a tsibirin Robben, ya rubuta Alƙur'ani da ka. A tsibirin nan ne Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure, kuma tsofaffin fursunoni ne suke nuna wa baƙi ɗakunan. Na ga manyan mutane sun fito daga wurin suna share hawaye.

Dutsen Tebur kuwa, wato babban dutsen da ke saman garin nan, tsayinsa ya haura mita dubu, ana hawa ne a wani akwatin gilashi da ke bin igiyar ƙarfe, minti biyar kin kai. Idan iska ta taso sai su rufe, ko da layi ya kai ina. Abin da ya burge ni, sanarwa tana fita tun da safe, sai mu juya jadawali mu tafi ganin tsuntsayen fenguwin a bakin ruwan Boulders. Ba a barin baƙo a tsaye ana ce masa “yanzun nan”. Mota ƙarfe tara, to ƙarfe tara ce, kuma komai da rasit. Sai dai ba na barin kowa ya ajiye jaka a kujerar mota, ana fasa gilashi. Daga filin jirgi ma gidajen kwano na talakawa ne suke fara tarbar mutum kafin ya ga gonakin.

Akwai abin da muka fi su nesa ba kusa ba. Abincin biki a nan ƙirge yake, kujera da sunan mai ita, wanda bai amsa gayyata ba ko ruwa ba zai samu ba. Na tuna bikin Auta, yadda Hajiyarmu ta sa aka ɗora tukunya ta uku saboda mutanen ƙauye sun iso da la'asar. Ɗinki kuma ba a magana, abin da telanki zai gama a kwana biyu nan sai an yi mako uku, da kuɗi mai zafi, kuma aikin bai kai ba. Mai lalle sai an yi booking tun wata guda. Naman ragon yankin Karoo na ƙasar nan yana da daɗi, amma gashinsu ba ƙuli ba yaji.

Ga abin da ya sa na tsawaita. Baƙinki da suke zuwa daga Legas da Yamai da Akara, tsakanin kamu da ɗaurin aure me suke yi? A ɗakin otal suke yini suna danna waya. Alhali ga Dutsen Dala, ga Gidan Makama, ga Kasuwar Kurmi da ta girmi duk gonakin da na lissafa miki, ga marinar Ƙofar Mata inda baƙuwa za ta tsoma mayafi a baba da hannunta ta tafi da shi gida. Maimakon kofunan giya, ki jera musu fura da nono, zoɓo, kunun aya, kunun gyaɗa da tsamiya, da kilishi da dambun nama a ƙananan akusa, ki sa yarinya mai baki ta yi bayanin kowanne. Mota ɗaya mai sanyi, direba mai cika alkawari, da ɗalibin tarihi daga Jami'ar Bayero sun isa a fara. Kuɗin kuma ki sa shi cikin lissafin masu biki tun farko, don kada a tambayi baƙo ko sisi.

Zan turo miki hoton jadawalin da muke amfani da shi ki ga tsarinsa. Idan an samu mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa da yaji, da hula biyu zanna bukar, waɗanda na zo da su sun koɗe.

Naki ƙane,
daga Cape Town.