Wata huɗu da agogon tuna maganin ido a hannuna

Ma'aikaciyar jinya ce ta fara gano ni, tun kafin in shiga wurin likita. Ta tambaye ni yaushe na buɗe kwalbar maganin ido mai suna latanoprost da na zo da ita, na ce bayan ƙaramar Sallah. Ta ɗaga ta wajen haske ta duba, ta ce, "Alhaji, wannan 'yar kwalbar mililita 2.5 ce. Mai ɗiga ta a ido biyu kowane dare, kamar wata guda take yi masa. Taka ta doshi wata biyu, kuma ga saura." Na rasa abin cewa. Awon matsin ruwan ido na ranar ya nuna 27 a idon dama, alhali na mai lafiya ba ya yawan wuce 21.

Shekara uku ke nan da aka ce ina da hawan jinin ido, wanda a asibiti suke kira gilakoma. Sunan ma yana ruɗa mutane, don ba jini ne ke hawa ba, ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya riƙa danne jijiyar gani a hankali. Irin nawa ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ido fes kamar na kowa. To yaya mutum zai tuna da maganin abin da ba ya damunsa? Ciwon haƙori shi ke tashe ka da kansa. Wannan kuwa daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ya tafi ke nan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi, mafi yawansu ba su ma sani ba. Ni na sani, amma ina wasa da magani.

Magunguna biyu aka rubuta mini: timolol safe da yamma, latanoprost sau ɗaya da dare. Na gwada ƙararrawar waya, ba ta yi ba. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, wayata ba ta hutawa, in ta yi ƙara ina tsakiyar ciniki sai in danne ta da niyyar anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Rannan ma a sahun Magariba ta ɓarke da kuka, na ji kunyar da ta sa na goge ƙararrawar gaba ɗaya.

'Yata ce ta yi odar agogon ta intanet. Ɗan baƙin agogon roba ne, ba ya ƙara, karkarwa yake yi a hannu, kuma ana iya saita masa lokuta da yawa a yini. Ta zauna ta saita mini uku: ƙarfe bakwai na safe, bakwai na yamma, da goma na dare.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ke sanin ya motsa sai ni. Ko a masallaci, ko a gaban baƙo, ka ji shi a tsintsiyar hannu kamar an ɗan taɓa ka. Kuma in ba ka danna shi ba, bayan ɗan lokaci sai ya sake. Wannan nacin nasa ya yi mini amfani fiye da komai. Akwai kuma wurin ƙirga mintuna, wanda nake amfani da shi bayan na ɗiga: in rufe ido, in danna kusurwar da ke kusa da hanci da ɗan yatsa har minti biyu, kamar yadda aka koya mini, don kada maganin ya zurare ta hanci zuwa maƙogwaro. Da can ina ɗigawa nake miƙewa, shi ya sa nake jin ɗaci a baki ban san dalili ba. Wanda aka haɗa masa magani biyu a lokaci guda ma zai more shi, tunda ana so a bar aƙalla minti biyar tsakani don kada na biyu ya wanke na farko.

Yanzu ga laifinsa, kuma ba kaɗan ba ne. Wanda ya ƙera shi bai yi tunanin mai raunin gani ba ko kaɗan. Lambobin ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a rana kuma fuskar ba ta ganuwa. Takardar bayaninsa sai da jikana ya karanta mini. Ni kaɗai ba zan iya saita shi ba har gobe.

Ba ya son ruwa, don haka duk alwala sai na cire. Sau biyu ina barin shi a kan dakalin masallacin layinmu, Allah ya sa ladan ya san nawa ne. Babbar matsalar kuma caji. Yana yin kwana huɗu ko biyar, amma in ya mutu murus, lokacinsa komawa yake farko. Satin da aka ɗauke mana wuta kwana uku, ya mutu ban lura ba, da aka yi caji sai ya tashe ni ƙarfe biyu na dare. Hajiya ta farka ta ce, "Malam, kai da agogon nan naka sai kun hana mu barci." Da safe na kira 'yata, ta ce, "Baba, ka kawo shi gidana bayan Azahar in gyara." Tun daga ranar na sa aka rubuta lokutan a takarda da manyan baƙaƙe aka manna a jikin madubi.

Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne, amma gara mai saye ya sani. Agogon zai motsa ƙarfe bakwai na yamma, ni ina cikin cunkoson Ƙofar Mata, kwalba tana gida. Bai da abin da zai yi mini a nan. Sai da na koma ajiye timolol a aljihun gaba na riga, latanoprost kuma a ɗaki wuri mai sanyi, tunda shi ba ya son zafi, wadda ba a buɗe ba ma a firiji ake ajiye ta. Haka nan ranar da kwalba ta ƙare kuɗi bai zo ba, ya yi ta karkarwarsa a banza.

Da na koma asibiti makon jiya, ma'aikaciyar nan ce dai a bakin aiki. Na miƙa mata kwalbar tun ba ta tambaya ba, ta girgiza ta, ta yi dariya. Awo ya nuna 17 a dama, 16 a hagu. Gefen da na riga na rasa a idon dama yana nan yadda yake, har yanzu in ɗan acaɓa ya zo ta nan sai ya matso nake ganinsa.

Wanda ke da yaro a gida da zai saita masa, ya saya, amma ya nemi mai manyan lambobi wanda ruwa ba ya ɓata shi. Nawa igiyarsa ta fara tsagewa, na ce wa 'yata in za ta sake oda ta duba waɗannan biyun tukuna.